Injin Faskaren Baba da Wutar Inna

Inna, mahaifiyar Baba, ba ta yin tatsuniya sai a gaban wuta. In babu itace yana ci, to bakinta a rufe yake, ko za ka kwana kana magiya. Ta zo mana garin Laurel, can ƙasar Turawa, daga Kano lokacin da aka haifi ƙanena, ina 'yar shekara tara, ta kuwa faɗo a tsakiyar sanyi. Ɗumin na'ura da ke fitowa ta ramukan ƙasan ɗaki bai taɓa burge ta ba, ta ce ita ba ta yarda da zafin da ba a ganin wutarsa ba. Sai ta ja dardumarta gaban murhun falo, wanda ba mu taɓa hurawa ba, ta zauna tana kallonsa har Baba ya ji kunya.

Itace kam akwai. Iska ta taɓa kayar da wata ƙatuwar bishiya a bayan gida, aka yanka ta gunduwa-gunduwa aka bari ta bushe. Sai dai gatari in ya sauka a kansu tsalle yake ya dawo. A rumfar baya kuma akwai injin faskare da tsohon mai gidan, wani dattijon Bature, ya haɗa da hannunsa ya tafi ya bari. Kan injin na abin yankan ciyawa ne, silindar ta tarakta ce, sauran duk waldi. Famfo ya matsa mai ya bi ta tiyo, wata sandar ƙarfe ta fito a hankali ta danna gungume a kan wani ƙarfe mai baki irin na gatari, sai ka ji itace ya tsage. Ba shi da suna, ba shi da lamba, babu shagon da ya san shi. Baba, da aikinsa haɗa magani ne a asibiti, ya kamu da son abin nan kamar an yi masa asiri. Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta faɗin sunansa, sai ta raɗa masa "mai injin".

Da sanyi magariba da wuri take yi, muna idar da salla za a hura wuta. Ni kuwa ba na iya zama wuri ɗaya. In hau kujera, in sauko, in leƙa taga, in tsokani wutar.

"Takwara, zauna mana! Ƙaiƙayi ne a jikinki?" in ji Inna, don sunanta aka sa mini.

In na zauna sai ta ce, "Ga wata nan ta taho da sanyi." Dole in amsa, "Ta shigo ta ji ɗumi." Ina jin Hausa, amma Turanci ya fi saurin fito mini. Ranar da na kuskura na amsa da shi, sai ta ɗauki carbinta ta yi kamar ba na nan.

Tatsuniyar da ta hana ni sukuni ita ce ta Kande mai ɗibar wuta. An yi ta ruwa har wutar garinsu duk ta mutu, aka aiki Kande wani gari mai nisa ta ɗebo garwashi a kasko. A hanyar dawowa itace duk a jiƙe yake, garwashi kuma yana son ci. Ta ba shi faifanta, ta ba shi gammonta, ta ba shi matajinta. Duk bukkar da ta tsaya hutawa sai an ce, "Yarinya, san mana kaɗan," tana ƙunƙuni tana ba su. Inna ba ta gaggawa. Kullum gwargwadon itacen ranar take ba da labarin, wuta na lafawa za ta ce, "Mu ma mun lafa." Ranar da Kande ta isa bakin kogi, ta yagi gefen zaninta ta ƙona, babu sauran abin bayarwa, garwashin ya koma kamar ƙwayar gero, itacen da muka faskara ya ƙare. Washegari Baba ya tayar da inji, tiyon mai ya fashe.

Baba bai damu ba. Ya ce a Kano babu abin da roba ba ta ɗaurewa. Ya samo tsohon tiyub na keke ya yanka shi siri-siri, ya naɗe wurin fashewar tam, ya ƙulle da haƙori. Ya ja igiya, inji ya tashi, ya danna liba. Sandar ba ta ko kai ga gungumen ba robar ta yi tsalle, mai ya yi feshi a kan ƙanƙara, a kan katanga, a kan hularsa har cikin gemu. Inna tana kallo ta taga.

"Ku gaya wa mai injin, abin nan ba keke ba ne," in ji ta.

Mama ta ce a sayo itace mana, ga shi nan ɗaure-ɗaure a gidan mai. Baba ya ce, "Da bishiya kwance a gidana? Allah ya kiyaye." Na ji haushinsa ƙwarai, domin bizar Inna ta kusa ƙarewa, an riga an tsayar da ranar jirginta. A makaranta ba na jin abin da ake faɗa, Kande kawai nake gani a bakin kogi. Na kunna wa Inna murhun gas, ta ce wannan na shayi ne. Na kawo kyandir na dasa a gabanta, ta dube shi ta ce, "Takwara, ko sauro ba zai ji ɗumin wannan ba."

Baba ya ɗauki mataccen tiyon ya yi ta yawo da shi shago-shago, kowa ya tambaye shi sunan injin, alhali injin ba shi da suna. Daga ƙarshe abokinsa Malam Isufu, mutumin Maraɗi mai jan motoci a Landover, ya kai shi wani gareji aka matsa musu sabo. Suka dawo, bakin bai shiga ba, suka koma. Ana gobe Inna za ta tafi suka ɗaura shi, suka cika tanki da mai. Sandar ta rinƙa fizga tana tsayawa.

"Alhaji, iska ce ta shiga ciki," in ji Malam Isufu. "Yi ta kai liba gaba da baya, sannu-sannu, har ta fita."

Ina tsaye a kansu ina ta tsalle saboda sanyi da ƙaguwa. Can sandar ta miƙe sumul, ta danna gungume ɗaya ya dare, aka juya ɓarin aka sake tsagawa. Injin ya yi tari ya mutu. Baba ya ja igiya da ƙarfi, ta tsinke a hannunsa. Ban tsaya jin abin da zai ce ba, na rungumi abin da aka samu na ruga ciki.

Aka hura wuta, ranar ban motsa ba. Inna ta ce garwashin ya mutu a bakin kogin. Na ce ban yarda ba, na fashe da kuka, da Turanci ma.

"Tsaya mana, uwar gaggawa," in ji ta. "Ita ma Kande kukan ta yi. Da ta gaji ta waiwaya, sai ga hayaƙi yana tashi daga kowace bukka da ta tsaya. Ta koma bukkar da ta fi kusa, ta yi sallama ta ce, ku san mini kaɗan."

Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan, ta kai wuta gida. A lokacin gani na yi an cuce ni, duk wannan jira a kan wannan.

Na girma da rashin zaman nan nawa. Na tafi jami'a, na sauya aiki, na sauya gidaje, na ƙare a wani bene a Silver Spring. Hausata ta yi ta ƙanƙancewa ban lura ba. Da Inna ta kwanta ciwon ajali, ina gidan Baba aka kira, ya buɗe muryar wayar ya miƙo mini. Ta yi magana mai tsawo, muryarta ƙasa-ƙasa, ban kama ko rabi ba. Na yi ta cewa, "To, Inna. Amin, Inna." Bayan rasuwarta abin ya tsaya mini a rai, na kasa tambayar kowa.

Da ganye ya fara zuba a shekarar na tuna Kande, na gane Baba ne hayaƙin da ya fi kusa da ni. Na same shi durƙushe a gindin injin yana juye tsohon mai. Ya fara mini bayani da Turanci, na ce, "Baba, da Hausa." Tun daga nan duk shekara tare muke sauya mai, mu wanke matata, mu shafa giris, mu bi tiyo da yatsa muna neman tsaga. Hausar da na fara dawo da ita ta zagin inji ce, sauran ta biyo baya. Sai da bakina ya ɗan saki na tambaye shi me Inna ta ce mini a wayar nan. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Cewa ta yi akwai wata da ta ajiye miki, ta fi ta Kande daɗi. In kin zo."

"Ka san ta?"

"Ina zan san ta? Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa zama ta yi mini ko ɗaya ba."

Na tsaya riƙe da mazurari, ina tuna yadda na amsa mata da amin. Baba ya miƙo mini sifana, ya ce in riƙe tiyon da kyau.