Babban Yatsan Kakana

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, ina saukowa daga jirgin ruwa a tashar St. George, nan ƙasar waje, ƙamshin ganyen turare ya tare ni. Wata mai sayar da furanni ce ta jiƙa rassansa a bokiti, tana sayarwa kamar wani abin kirki. Na tsaya cak, har sai da 'yata ta ja ni, wai ina tare wa mutane hanya. Ita ba ta san a gindin wannan bishiya na yi rarrafe ba. Kuma ka ji ikon Allah, gidan jikar mutumin da ya dasa mana ita za mu je a ranar.

Bari in koma da kai baya. A wata gona na tashi, can bayan Jos, inda sanyi ba ya jin kunyar kowa. Gonar ta wani Bature ce da ya zo haƙar kuza tun yana saurayi, kuza ta ƙi shi, ya koma noman dankali da kiwon shanu. Turawan mulki suka naɗe tabarmarsu suka tafi, shi ya zauna. Matarsa ta yi haƙuri har ta gaji, ta ɗauki ɗansu ɗaya tilo ta koma ƙasarsu, ya dai zauna. Baturen gona muke ce masa. Kakana shi ne helmansa, shi ke raba wa lebura aiki, kuma gidanmu yana cikin shingen ƙeranar da ya kewaye gonar.

Na fi tuna farkon damina. Ƙanƙara ta yi ta dukan kwanon ɗakinmu, gari ya waye jar ƙasa tana tururi, ganyen turare ya zube ko'ina yana ƙamshi. Kakata takan dafa shi ta lulluɓe mu da bargo in mura ta kama mu. Ganyen kaɗai ta yarda da shi cikin kayan Bature. In ya ba mu biskit, sai ta karɓe ta shinshina, ta gutsura wa kaza, ta jira ta ga abin da zai faru. Kazar nan ta yi ƙiba da rabonmu, Allah ya yafe wa tsohuwa.

Kakana kuwa ba ya zagin Bature, ba ya kuma yabonsa. Abu ɗaya na lura da shi. Duk sanda zai wuce ta ƙofar ofishin gonar, sai ya lanƙwashe babban yatsansa na dama cikin tafin hannu ya dunƙule. Na taɓa tambayarsa ko ciwo yake yi masa. Ya ce, “Amarya, ke dai ki iya tuwo tukuna, kafin ki fara binciken miji.”

Akwai kuma wani tsoho daga ƙauyen kan dutse, cikin mutanen da muka tarar a wannan ƙasa. Kowace shekara, da ruwan farko ya sauka, sai ya zo ya tsaya a bakin shinge, ba ya shigowa. Ya ce, “Helma, damina ta nawa ke nan?” Kakana ya sunkuyar da kai, ya miƙa masa goro, shi kuma ya ƙi karɓa ya juya. Mu yara mun ɗauka taɓin hankali ne, har muna kwaikwayon muryarsa.

Shekarar da tari ya ci ƙarfin Bature, ya aika a kira kakana. Na bi shi, don ina maƙale da rigarsa duk inda za shi. Muka iske Bature a baranda cikin bargo, ga takarda a kan tebur, ga ɗan akwatin tawada a buɗe. Da Hausarsa mai ɗingishi ya ce, “Helma, sa hannu nan. Alheri ne.”

“Ranka ya daɗe, na gode. Ba zan dangwala ba.”

Sau uku Bature yana kiransa a makon nan, sau uku yana dawowa da yatsansa fes. Kafin a haƙe dankalin shekarar Bature ya rasu, aka binne shi a gindin turarensa. Ba a daɗe ba wasu mutane suka zo a mota da tasu takardar, suka ce gona ta zama ta wani kamfani. Muka kwashe komatsanmu muka koma cikin gari, mu fiye da goma a ɗaki biyu.

Daga nan gidanmu ya rabu biyu. Kakata ta rantse tarko ne Bature ya ɗana, so yake ya ɗaure mu bauta har jikoki. Mahaifina kuwa kukun Bature ya raɗa masa cewa takardar kyautar gonar ce. Har ya koma ga Allah bai daina cewa tsoron tawada ya raba mu da arziki ba. Kakana yana jin su duka, bai taɓa faɗin dalilinsa ba. Ni na tashi a tsakani, yau in zargi Bature, gobe in zargi kakana.

Yanzu ina zaune a ƙasar waje, a unguwar Morris Heights, ina aikin kula da tsofaffi. 'Yata ce ta sa wani tsohon hoton kakana a intanet, yana tsaye gaban barandar nan. Sai ga saƙo daga wata mata, wai ita jikar Baturen ce, aure ya kawo ta nan, tana rubuta tarihin danginsu, tana son ganina. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Shekara nawa ba wanda ya nemi sanin ko muna raye, sai yau? Wata guda ina ja mata rai kafin na yarda.

Ta karɓe mu hannu bibiyu, dattijuwa ce kamata, mai yawan murmushi. Murmushin ma bai kwanta mini ba. Ta kawo shayi da biskit, na jira sai da ta kurɓa tukuna, tunda babu kaza a kusa. Ta ba mu labarin mahaifinta, yaron nan da aka tafi da shi, yadda ya girma yana jin haushin uban da ya zaɓi shanu a kansa. Sannan ta buɗe wani akwatin ƙarfe na kakanta ta zaro takarda. Na gane ta tun kafin 'yata ta karanta. Kyautar gona ce dukanta, da gida da shanu, ga sunan kakana, ga gurbin yatsa fari fat. Mahaifina ya yi gaskiya. Wallahi raina ya ɓaci, na tuna ɗaki biyun nan, na ji kamar in tono kakana in tambaye shi.

'Yata, da yake ba ta iya zama da hannunta ba, ta ci gaba da tonon akwati. Ta ɗago wata takardar da ta fi waccan tsufa, ta yi ja, gefenta ya cinye. A jikinta yatsu ne jere, baƙaƙe, na dattawan ƙauyen kan dutse. Can ƙasa kuma yatsa ɗaya shi kaɗai, an rubuta tafinta kuma shaida, ga sunan kakana. 'Yata ta karanta mini: sun sallama wa Bature ƙasar baki ɗaya, su da 'ya'yansu.

Na ce, “Duba da kyau. Ba a ce aro ba ne? Ba a faɗi damina nawa ba?”

“Babu, Mama. Forever aka rubuta, har abada.”

Sai muryar tsohon nan ta dawo mini, yana tsaye a bakin shinge. Aro aka ce musu, kuma da bakin kakana aka faɗa, don shi ke jin yarensu. Ko shi ma rufe shi aka yi, ko ya sani ya yi shiru, wannan yana kabari tare da shi. Abin da na sani shi ne sau ɗaya ya dangwala a rayuwarsa, kuma da aka miƙo masa ƙasar a matsayin kyauta, ya san masu ita suna nan da ransu.

Matar ba ta fahimci abin da ya same ni ba. Ta turo mini wata farar takarda da biro, wai izinin sa hoton kakana a littafinta. Na tambayi me za a rubuta a ƙarƙashin hoton. Ta ce, amintaccen helma wanda tawali'u ya hana shi karɓar kyauta.

'Yata ta zungure ni. “Mama, sign kawai za ki yi, ba wani abu ba ne.”

Na ce a gaya mata zan sa hannu ranar da ta nuna mini takardun nan biyu a shafi ɗaya, ta fari da ta ƙarshe. Fuskarta ta yi ja, ta ce za ta yi tunani, littafin na iyali ne. Na ce ai su ma masu yatsun nan suna da iyali. Na roƙi in ɗauki hoton tsohuwar takardar da wayata, da ƙyar ta yarda.

An ce gonar yanzu duk gidaje ne, an sare turaren an yi katako. Ni kuma a garin nan na dangwala yatsuna goma kafin a ba ni takardar zama, kullum safiya ina danna babban yatsa a na'urar wurin aiki, ban taɓa tambayar ina yake zuwa ba. Na tura wa ƙanena da ke gida hoton, na ce ya hau dutsen nan ya nemi jikokin tsohon, takardarsu ce. Ban san me za ta yi musu ba, amma su san kakansu ba mahaukaci ba ne.

A jirgin ruwa muna komawa, 'yata ta kalli cinyata ta ce, “Mama, hannunki ciwo yake yi?” Na duba. Ashe tun daga gidan matar na lanƙwashe babban yatsana cikin tafina, ban sani ba.