Gyaran Minti Huɗu

Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Yuni, da hantsi, Allah Ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, a gadon asibiti bayan jinyar wata biyu. Na Allah ne mu, kuma wurinSa kowa ya nufa. A layinsu an fi saninsa da Mai Bidiyo, domin ya fi shekara talatin a shago ɗaya yana gyaran na'urorin kallo, har na'urorin suka riga shi barin duniya.

Kawu, masu zuwa gaisuwa sun yi ta faɗin haƙurinka da riƙon amanarka, kuma gaskiya suka faɗa. Ba wanda ya ambaci fim ɗin, wai kada a zubar maka da girma. Ni zan ambata.

Tsohon fim ne na ban tsoro, baƙi da fari, labarin wata mata da ta mutu amma ta ƙi barin gidanta. Fitowarsa huɗu ka mallaka, jere a kan kanta, tsakanin gwangwanin sukurori da fankar da ba ka taɓa samun lokacin dubawa ba. Fim ɗin ɗaya ne a cikinsu duka. Bambancin yana ga abin da kamfani ke ƙarawa bayan an gama: hira da 'yan wasa, wuraren da aka yanke, yadda aka yi kwalliya. Kai gyara kake kiran wannan, irin wanda mai awo ke ƙara wa mai saye, kuma ka ce a kamfanoni ma akwai mai sakin hannu, akwai marowaci.

Faifai na farko yana ɗauke da muryar darakta, ka ce tsoho ne ya samu wuri yana yabon kansa awa ɗaya da rabi. Na biyu hotuna goma sha biyu ne marasa motsi, shi ne gyaran marowaci. Babban kwalin nan mai faifai uku, na cikar fim ɗin shekara hamsin, ni na kawo maka tsaraba da na dawo daga karatu. Awa uku na masana suna sharhi. Ka yi godiya sosai, sannan ka ce, "Malama, 'yan uwanki ne suka cika shi. Kowa ya san dalilin tsoro, ba wanda ya taɓa jin sa."

Amma na huɗun, tsohon kaset, shi ne naka. Ina shekara tara na leƙa fim ɗin a shagonka ba da saninka ba, na yi mako guda ban yarda na shiga ɗaki ni kaɗai ba. Mahaifiyata ta zo da faɗa. Ba ka musa mata ba, sai ka zaunar da ni a kan benci, ka tura kaset ɗin har ƙarshe. Minti huɗu ne, hoton yana rawa. Matar da ta fito a fatalwa tana zaune gaban madubi tana goge farar hoda da tsumma, ta yi atishawa, ta fashe da dariya, wani ya miƙo mata shayi. Ka ce, "Ga fatalwarki nan, mura ke damunta." Ranar na shiga ɗaki na rufe ƙofa da kaina. Daga baya na gane ba ni kaɗai ka yi wa wannan magani ba, rabin 'ya'yan layin sun zauna a bencin nan.

A makonka na ƙarshe likita ya nuna maka hoton cikinka, ya yi bayani a hankali. Da ya fita na ga tsoro a fuskarka, abin da ban taɓa gani ba. Ka ce, "Malama, ki kawo mini gyaran nan in gani."

Na yi tunani irin na mai digiri. Wanne ya fi yawan gyara, wanne ya fi hoto mai kyau, wanne zai yi a kwamfutata? Na ɗauko babban kwalin. Ka zauna minti ashirin kana sauraron wani farfesa cikin ladabi, sannan ka ce, "Ai ba su sa matar nan mai atishawa a nan ba. Sun ce hoton ya lalace." Na sani, Kawu. Na taɓa rubuta maƙala a kan fitowar nan huɗu, kuma wannan maganar tana ciki, a ƙasan shafi.

Kaset sai da na'urarsa, na'urar shagon kuwa robar cikinta ta tsinke, mutumin da ya iya gyara ta yana kwance a gabana. Ka yi mini bayani daki-daki: sukurori huɗu, sabuwar roba tana aljihun tebur na hagu. Na ce sai Asabar, ina da takardun jarrabawa da zan duba. Ka ce ba komai.

Asabar ɗin na je shagon, kwana uku da binne ka. Na bi bayaninka, na'urar ta tashi. Na duba agogo, minti goma aikin ya ci.

Na tambayi Inna, matarka, wadda ke riƙe da hannunka lokacin rasuwarka, ko ka tafi da tsoro. Ta ce ka cika da kalmar shahada. Na sake tambaya, ta dube ni ta ce, "Ke dai kin faye tambaya." Ban ƙara ba.

Ka yafe mini, Kawu. Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya amintar da kai daga duk abin firgita. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, da 'ya'yanka biyar, da mahaifiyata wadda yanzu ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Allah Ya ba su haƙuri, mu kuma Ya sa mu cika da imani. Amin.