Gwaji ko Gwaram

Shekarata uku ina rubuta manhaja a wani ɗan ofis a Birnin Kudu kafin a kawo mana sabon ma'aikaci. Manhajar ta wata ƙungiyar manoma ce, tana tura musu saƙon tes idan taki ya iso. Ni na gina ta tun daga tushe, amma cikin wata biyu sunan baƙon nan ya fi nawa yawa a bakin oga. Ya iya gwajin haɗaka, wato a tayar da duk sassan manhaja tare a ga ko suna jin maganar juna. Ni kuwa gwajina bai wuce in yi bisimilla in danna ba. Sai oga ya ce wanda gwajinsa ya fi kyau shi zai riƙe aikin Gwaram, aikin da na daɗe da sa wa rai. Hassada ta cika ni fal, ko dariyarsa haushi take ba ni.

Kafin manhaja ta tashi sai ta karanta fayil ɗin saiti, shi ke gaya mata lambobin wayar da za ta tura wa saƙo. Ni na raɗa wa fayilolin suna, kuma don ƙiwa na gajarta: "bk" na Birnin Kudu, "gw" na Gwaram. Na gwaji, mai lambobin bogi, yana can wani lungu da ni kaɗai na sani.

Wata Talata da hantsi, ana tsakiyar damina, na wuce ta bayan baƙon nan riƙe da kofin shayi. Ya waiwayo ya nuna mini allon kwamfutarsa.

"Malam, wannan 'gw' ɗin shi ne na gwaji ko?"

Na kai kofin baki na ce, "Uhm." Ban ce e ba, ban ce a'a ba, da haka na yi ta lallashin zuciyata. Ya yi godiya, ya danna.

Kafin azahar mai kula da shagon ƙungiya a Gwaram ya kira oga. Manoma sun cika ƙofar shagon, wasu tun daga Basirka a kan babur, kowa da saƙo a waya cewa taki ya iso, alhali ko buhu ɗaya bai zo ba. Ta cikin wayar na jiyo wani dattijo yana cewa, "Haba ɗan nan, noma fa na bari rabi na taho!"

Oga ya tara mu, idonsa ja wur, ya tambayi yadda aka yi gwaji ya ɗauko saitin gaske. Na sunkuyar da kai ina jiran in ji sunana.

"Laifina ne, ranka ya daɗe," in ji baƙon. "Ban tambayi kowa ba."

Ko kallona bai yi ba. A ranar ya gyara, ya sa gwaji ya ƙi tashi sam sai ya ga kalmar "gwaji" a rubuce cikakkiya a saitin. Washegari ya hau mota ya je Gwaram ya ba manoman haƙuri da bakinsa. Oga ya ce irin wannan mutumin ake ba amana, ya damƙa masa aikin.

Gwajin haɗaka na koya daga baya, a wurinsa ma na koya. Har yau bai taɓa tayar da zancen ba, ni kuma har yau ban iya buɗe baki na faɗa wa oga cewa a ranar baƙon ya tambaye ni ba.