Mutuwar Bukar a duniyar wata

Jama'a, yau an yi mini gaisuwar ɗana, alhali yana da ransa!

Ina shanya tattasai da hantsi, sai na ji jikata Falmata a ɗaki tana waya tana kuka: "Sun kashe Bukar!" Bukar ɗana ne, yana kamun kifi a Geskeru. Na rafka salati. Nan da nan maƙwabta suka cika gidan.

Falmata ta fito ta ce, "Kaka, lafiya?"

Na ce, "Babu kawunki!"

Ta ce, "Wayyo Kaka, Bukar na littafi ne, matuƙin jirgin da ya tafi duniyar wata. Ƙawata nake ba labari."

Na share hawaye na ce, "To shi, wa ya yi masa sutura a can?"