Koren Fentin Kwamitin Unguwarmu

Har yau in na ga koren fenti a jikin injin ban ruwa sai na ja tsaki, ko a kasuwa ne, ko ban san mai injin ba. Yarana sun saba, sun daina tambaya.

Shekarar da satar inji ta addabi Badariya ban daɗe sosai da aure a unguwar ba, daga Argungu aka kawo ni. Kusan kowane gida a layinmu yana da ɗan fili a fadamar Zauro, har ma'aikatan gwamnati irin maigidana, masu noman rani bayan an tashi ofis. Shinkafar rani kuwa ba ta san haƙuri ba, in ta rasa ruwa kaɗan sai ganyenta ya naɗe. Mutum zai bar injinsa a bakin rijiya ya tafi sallar Juma'a, ya dawo ya tarar da tiyo kwance yana ɗiga, inji ya yi ɓatan dabo.

Sai mazan unguwa suka ce za su kafa kwamitin tsaro. Gindin dogonyaron da ke bayan katangar madafina suka mayar wurin taro, saboda haka ba abin da ya wuce ni. Ina fifita wuta ina jin su. Zaman farko kaf a rabon muƙamai ya ƙare. Shugabancin ya faɗa hannun wani Alhaji da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya rasa wanda zai riƙa daka wa tsawa. Washegari ya sayo usur ya rataya a wuya, har masallaci da shi yake zuwa. Maigidana aka ba shi mataimakin mai tsawatarwa. Mutumin da akuya ke cin dawa a gabansa yana ce mata don Allah.

A zama na gaba Alhaji ya zo da dabarar da ya ce ya kwana yana nazari. Kowane inji na unguwar za a shafe tankinsa da koren fenti, a ja farin layi a tsakiya. Za a ajiye samari 'yan sintiri a hanyar fadama. Wanda ya zo da inji mai alama ya wuce, wanda ya zo da marar alama a tsare shi. Aka yi ta kabbara kamar an gano maganin sauro.

Da maigidana ya shigo, hannun rigarsa duk kore, na ce, “Malam, halan fentin ga masu gaskiya kaɗai aka sai ma shi?”

Ya ce, “Ke dai ba ki raina abin magana. Ku mata mi kunka sani ga harkar tsaro?”

Na zuba masa tuwo.

Kafin fenti, kowa ya san injinsa kamar yadda ya san akuyarsa. Wannan tankinsa ya lotsa, wancan an ɗaure masa murfi da waya, na wane tsatsa ta ci gefe. Buroshi ya bi ya shafe duk wannan, injuna suka koma kamar 'yan makaranta ranar fareti. Ɓarayi kuma ba su ma wahalar da kansu wajen sayen fenti ba, tunda kwamiti ya riga ya shafa musu. Ɓarawo ya ɗauki inji a fadama da rana tsaka, ya ɗaure a bayan babur, ya zo ya wuce 'yan sintiri, su ga kore su ɗaga masa hannu su ce sannu da aiki. Sata ta ƙaru. Da an yi asara sai a kira taro, Alhaji ya busa usur, a sha shayi, a watse.

Gidan da ke jikin namu na wani makanike ne, Kirista, mutumin wajen Filato. Ya riga ni zama unguwar da shekaru masu yawa. Baban 'yan biyu muke ce masa, matarsa kuma Maman 'yan biyu. Su kuwa Amarya suke kirana, har na yi 'ya'ya ban tashi daga Amarya ba. Ita ta koya mini gwaten acca, ni na koya mata yadda ake gyara kifi ya kwana bai yi ƙarni ba. Tsakar gidansu kullum warin fetur da baƙin mai, injuna a buɗe, shi yana tsugune da sifana a hannu. Mutum ne marar yawan magana. Ba shi da gona, ba shi da shago, abin da ya mallaka a garin nan shi ne yardar da ke sa mutum ya bar masa inji ya tafi gida ya yi barci.

Ni ce na yi wa yayana na Argungu tallansa. Yaya masunci ne, manomi kuma, injinsa ya daɗe yana ba shi ciwon kai. Ya haɗa da na maƙwabtansa biyu ya sa a mota aka kawo. A gabana aka sauke su. Ba fenti a jikinsu, don mutanen Argungu ba su da Alhaji mai usur.

A lokacin kwamiti ya fara jin kunya. Ana ta yi musu habaici a wurin mai shayi, har an fara cewa a mayar wa mutane launin injunansu. Suna bukatar ɓarawo ido rufe, ko wane iri ne. Wata rana da hantsi na ji usur a ƙofar maƙwabta. Na leƙa ta katanga. Alhaji ne a tsakar gidan mutane ba sallama, bayansa samari da gorori, can ƙarshe maigidana yana kallon ƙasa.

Alhaji ya nuna injunan da sanda. “Waɗanga na wa na? Ina alamar kwamiti?”

Baban 'yan biyu ya miƙe yana goge hannu. “Ranka ya daɗe, gyara aka kawo daga Argungu. Ku tambayi Amarya, ɗaya na wanta ne.”

“Mu za ka koya ma bincike? Ka dai hwaɗi gaskiya tun muna mu-ya-mu.”

Na zari hijabi na fito. Na ce, “Baba Alhaji, gaskiya yaf faɗi. Na yayana na, gabana anka sabke su.”

Bai ko dube ni ba. Maigidana ya kalla ya ce, “Malam, shiga da iyalinka gida. Wagga ba maganar mata ba ta.”

Mai tsawatarwa kuwa sai ya sami wanda zai tsawata wa. Ya zo kusa da ni yana raɗa, don Allah don Annabi in koma ciki kada in kunyata shi. Ban koma ba, amma tsayuwata ba ta hana komai ba. Suka karɓo kurar wani mai ruwa, suka loda injunan, suka ce Baban 'yan biyu ne zai tura. Alhaji a gaba yana busa usur, suka bi da shi layinmu, suka ɓulla bakin titi, suka ratsa ta 'yar kasuwa, suka zagayo ta gaban makarantar da 'yan biyunsa ke karatu. Yara suka bi su da ihu. Masu tumatir suka miƙe tsaye don su gani da kyau. Shi dai yana tura kura, gumi ya jiƙa masa riga. Maman 'yan biyu tana riƙe da hannuna a ƙofar gida.

Ba su kai shi wurin hukuma ba, kuma na san dalili. Can za a yi tambaya, su kuwa ba su da amsa. Suka sake shi bayan azahar, suka kulle injunan a zauren Alhaji. Kafin la'asar, don tsabar basira, an shafe su da koren fenti, wai sun zama kayan da kwamiti ya ƙwato.

Na kira yaya a waya ina kuka don takaici. Washegari ya iso da maƙwabtansa biyu. Ya tarar har wasu manoman Zauro da aka yi wa sata sun zo suna rantsuwa nasu ne, ba kuma zan ga laifinsu ba, kore dai kore ne. Yaya ba ya son dogon zance. Ya duƙa ya jawo igiyar tada injinsa. Mariƙinta ya karye tun bara, ya sassaƙa wani daga guntun sandar komarsa ta kamun kifi.

Ya ce, “Wanga nau na. Ni niɗ ɗaura mashi wanga icce da hannuna. Wa yac ce ku ɓata min kaya da fenti?”

Sauran biyun ma suka nuna nasu. Na ɗauka ƙasa za ta tsage Alhaji ya shige. Ina. Gyara zaman hula ya yi ya ce alhamdu lillahi, binciken kwamiti ya kammala cikin nasara.

Daga ranar aiki ya ɗauke wa Baban 'yan biyu. Mutanen ƙauye da suka gan shi yana tura kura sun kai labari gida, ba wanda ya bi su da gyaran labarin. A makaranta ana ce wa 'yan biyu 'ya'yan ɓarawon inji. Mai kayan miya ta fara janye tirenta in uwarsu ta matso. Bai kai ƙara ba, bai zagi kowa ba. Ya sami Alhaji a gindin dogonyaro, ina jin su ta katanga, ya roƙi abu ɗaya.

“Ranka ya daɗe, hanyar da kuka bi da ni, ita nake so mu sake bi. Kai da usur ɗinka, ni a gefenka. Ka faɗa wa mutane ban ɗauki kayan kowa ba. Shi ke nan.”

Alhaji ya ce ai wannan mai sauƙi ne, za a wanke shi tas, ya je ya kwantar da hankalinsa.

A unguwarmu duk wata sanarwa a masallaci ake yin ta. Suna, ɗaurin aure, rasuwa, ɓatan tunkiya, bayan an sallame wani ya miƙe ya faɗa. A wurin mazanmu abin da aka faɗa a nan duniya ta ji. To a nan Alhaji ya wanke shi. Bayan sallar la'asar ya miƙe, lasifika a kashe, rabin sahu na neman takalma, ya ce abin da ya faru kwanaki an gano akwai ɗan kuskure, kowa ya yi haƙuri, Allah ya kiyaye gaba. Aka shafa.

Maigidana ya dawo fuskarsa wasai. “To, sai ki bar fushi. An wanke maƙwabcinki gaban jama'a.”

Na ce, “Ina?”

“Masallaci mana.”

“Shi ya ji?”

Ya tsaya da loma a hannu. Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo masa. Masallaci guda na magidanta, masu furfura da masu digiri, ba wanda ya tuna cewa mutumin da ake ba haƙuri ba ya shiga wurin. Matarsa ba ta ji ba, masu tumatir ba su ji ba, yaran makaranta ba su ji ba. Waɗanda suka ji su ne waɗanda suka yi laifin, suka ba juna haƙuri suka yafe wa juna. Ban taɓa raina taron maza kamar ranar ba.

Ni na kai wa Maman 'yan biyu labari. Ta faɗa wa mijinta, ya ce a'a, wannan somin-taɓi ne, dattijo ya yi alkawari, zai zo. Kullum da yamma sai ya yi wanka ya sa farar rigarsa ta zuwa coci ya zauna a ƙofar gida, don kada a zo a same shi da baƙin mai a jiki. Alhaji yakan wuce ta gabansa zuwa masallaci, ya ɗaga masa hannu. Da maigidana ya yi ƙarfin hali ya tuna wa Alhaji alkawarin, cewa ya yi, “Ai mun ba shi haƙuri, cikin ɗakin Allah ma. Mi shika so kuma, in yi mashi rawa?”

Bayan an yanke shinkafa Baban 'yan biyu da iyalinsa suka kwashe kaya. Yaya ne ya samar musu gida a Argungu, inda mutane suka san shi da gyara kawai. Na yi kuka ranar, na baƙin ciki da na haushi. Aka sa wani a gidan, mai kiwon kaji.

Sata ba ta tsaya ba sai da manoma suka gaji suka koma ɗauko injunansu gida kullum. Kwamiti ya ce nasararsa ce.

Bara injinmu ya tsaya ana tsakiyar ban ruwa. An kai wurin masu gyara biyu a nan, ya dawo yana tari. Maigidana ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce tunda za ni gida Argungu, ko zan tafi da shi wurin Baban 'yan biyu. Shi ba zai iya haɗa ido da mutumin ba.

Na same shi tsugune a sabuwar tsakar gidansa, furfura ta fito masa. Ya yi murna da ganina ƙwarai. Ya dubi koren tankin, ya kau da kai, ya kwance kafireto ya wanke ya mayar. Ja ɗaya inji ya tashi. Yana goge hannu ya ce, “Amarya, Alhaji yana nan?”

Na ce yana nan.

“Da usur ɗinsa?”

Na ce da shi.

Ya ce, “To ai hanyar ma tana nan. Ki ce masa duk ranar da ya shirya, zan shigo mota in zo.”

Na dawo na faɗa wa maigidana kalma da kalma. Ya ce lalle zai tayar da maganar a taron Asabar. Ranar na ƙi ɗora tukunya da wuri, na jawo kujera na zauna jikin katanga. Alhaji ya busa usur, aka yi addu'a. Wani ya ce koren ya koɗe, ya kamata a sabunta. Wani ya ce shuɗi ya fi riƙe rana. Na ji muryar maigidana sau ɗaya, yana goyon bayan shuɗi. Suna kan haka aka kira magariba.