Shayin da Na Dafa wa Kakan Amarya

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni a zamana na London waɗanda yanzu sai an tuna min, amma safiyar da na tsuguna a bayan gidan mutane, a kan wani tsauni a ƙasar Indiya, na dafa shayin da ya kusa kashe auren ɗan wana, wannan kam da ita za a binne ni. Shekaru sun ja, amma har yau in ta faɗo min a rai sai na ji kunya ta taso min tun daga tafin ƙafa, dariya kuma ta biyo bayanta.

Sai na fara gaya muku ko ni wane ne a fagen shayi, don ku gane inda girman kan ya samo asali. Direban bas ne ni, a unguwar Barking nake zaune da iyalina. A bayan gidanmu akwai 'yar rumfar katako, kuma duk Lahadi bayan La'asar nan 'yan Arewa suke taruwa, likita da ɗalibi da mai gadi, kowa ya nemi kujera ya zauna. Ni ne mai buta. Shayina ba irin na Turawa ba ne da ake tsoma 'yar jaka a ruwan zafi a yi maza a cire. Nawa sai ya sha wuta ya yi baƙi, ya ji citta da kanumfari da masoro, sukari ya kama shi, sannan in ɗaga buta sama in tsiyayo har kumfa ta tashi. An yaba min har na yarda cewa duk faɗin Ingila babu na biyuna.

Ɗan wan nawa karatu ya kawo shi, a gidana ya zauna har ya gama ya sami aiki. Yaro ne mai sanyin hali, in ka ji muryarsa to gaisuwa ce. Kwatsam sai ga shi da maganar wata yarinya da ke aiki a kantin magani, haifaffiyar London, iyayenta Musulmi ne daga kudancin Indiya. Na je na ga iyayen, mutanen kirki, sun ce su ba su da ja. Sai dai uban ya ce akwai mahaifinsa a gida, maganarsa ce ta ƙarshe, kuma tsohon ya ce shi ba ya ba da jikarsa ga mutanen da bai taɓa zama da su a tabarma ɗaya ba. In ya ce a'a, shi ke nan, yarinyar da kanta ta ce ba za ta tsallake maganarsa ba.

Na kira yayana a Kano na gaya masa. Ya ce, "To ai ka san uba ba ya zuwa neman aure. Kai ne ubansa a can, sai ka shirya."

Ina haɗa kaya, matata ta ga na naɗe butar shayi da 'yan kofunana a cikin rawani ina cusawa a akwati. Ta riƙe haɓa ta ce, "Alhaji, mutanen nan fa su suke noma shayin. Wannan butar kuma ta mece ce?"

Na ce, "Hajiya, su noma suka iya. Dahuwa kuma ai sai mu."

Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," da wata irin murya da ban so ba.

Bayan ni da ɗan wana mun sauka daga jirgi a Indiya, mota ta ɗauke mu ta kama hawa tsauni. Hanya ce mai kwana a kan kwana, dama dutse, hagu rami. Ni da nake tuƙa bas mai hawa biyu a tsakiyar London, sai ga ni na ƙanƙame kujera ina salati. Amma da muka isa sama, wallahi na manta da tsoron. Duk inda ido ya kai kore ne shar, bishiyoyin shayi gajeru an aske kansu daidai wa daida, sun lulluɓe tsaunuka, gajimare na yawo a ƙasanmu. Mata da buhuna a baya suna tafe a tsakanin layuka suna tsinka, hannunsu ba ya tsayawa. Iska mai sanyi, ga ƙamshin ganye ko'ina.

Yarinyar da iyayenta sun riga mu zuwa. Da yamma ta zaga da mu lambun kayan ƙamshi da ke gangaren gidan kakanta, a nan ne na gane ashe ban san abokan aikina ba. Masoro ashe yaɗo yake yi, ya nannaɗe wata bishiya ya hau. Kanumfari ashe fure ne da aka tsinke kafin ya buɗe. Girfa ɓawon itace ce. Shekara da shekaru ina sayensu a leda, ban taɓa tambayar kaina daga ina suka fito ba. Aka cika min aljihu da kowanne, ina ta murna kamar an ba ni kujerar Makka.

Kakan ɗan tsamurmurin tsoho ne, farin gemu, ya ɗaura farin zane, Turancinsa tas. Duk rayuwarsa a masana'antar shayi ya yi ta, aikinsa ɗanɗano: shi ne zai kurɓa ya ce wannan ganye ya yi, wancan bai yi ba. Jikar ta ce saboda wannan aiki bai taɓa yarda sukari ko yaji ya taɓa harshensa ba. Na ji wannan magana da kunnena, amma ta shiga ta nan ta fita ta can. Ya karɓe mu da mutunci, sai dai ba ya dariya, kuma na lura yana yawan kallon ɗan wana ta gefen ido.

Kafin mu tashi ya ɗauko wani gwangwani da bai fi na madara ba, ya buɗe a hankali ya miƙo min. Wasu 'yan siraran ganye ne fari-fari masu gashi-gashi. Ya ce daga 'yan bishiyoyin bayan gidansa yake tsinkarsu da hannunsa, tohon da bai buɗe ba kaɗai, kuma abin da ya tara a shekara ke nan. Ya ce, "Gobe da safe shi za mu sha, sannan mu yi maganar da ta kawo ku." Ya rufe ya ajiye a kan kanta a ɗakin girki. Ni kuwa da na sansana ban ji wani ƙamshin kirki ba, a raina na ce, bawan Allah, ganyen ma bai nuna ba ya tsinke.

Da muka idar da sallar Asuba kowa ya koma ɗaki, sai tunani ya kama ni. A gidanmu ba a yi mana tarbiyyar yaro ya harɗe babba ya durƙusa gaban wuta ba. Wannan tsoho ya haife ni. Ta yaya zan zo neman alfarma a gidansa, sannan in zauna ya dafa min shayi? Ban da haka, gaskiya akwai son a sani. Na ce bari in nuna wa mutumin nan irin gidan da jikarsa za ta shiga.

Na ɗauko butata, na ɗauko gwangwanin, na zaga baya inda suke da murhun itace. Na zuba ganye cikin tafin hannu ɗaya, na bar shi ya tafasa. Na duba, ruwa fari sol, sai ɗan ɗorawa-ɗorawa. Na ƙara. Ya sake tafasa, babu canji. Na ce lalle ganyen nan ba shi da ƙarfi, na ƙara. Ina ƙarawa ina dubawa, har na ji yatsana ya taɓa gindin gwangwani, sai na kife sauran na kakkaɓe. Da launi ya ƙi zuwa, na ƙona sukari a cokali na zuba, nan take ya yi ja. Na daddaka citta da masoron jiya, na watsa kanumfari da girfa, na bi da sukari ba tsoro. Na ɗanɗana, na gyaɗa kai. A ganina ban taɓa dafa kamarsa ba.

Rana ta ɗan ɗago lokacin da aka hallara a barandar gidan. Tsohon na kan kujerarsa, uban yarinyar na gefe, ɗan wana ya sha farar shadda yana zaune a ƙasa, kai a sunkuye. Sai ga ni da faranti. Na ɗaga buta sama na tsiyayo, kumfa ta tashi, na durƙusa na miƙa wa tsohon da hannu biyu na ce, "Baba, bismillah."

Ya dubi kofin, ya dube ni. Ya kai hanci. Sannan ya zuƙa da ƙara, fuuut, ya juya shi a baki, ya waiwaya ya tofar a cikin furannin gefen baranda.

Daga baya ne na san haka masu aikinsa suke yi, ba sa haɗiyewa. Amma a lokacin, mutum ya tofar da abin da ka miƙa masa a gaban jama'a, ai an gama magana. Ɗan wana ya matso ya raɗa min, "Baffa, please, me ka sa a ciki?"

Tsohon ne ya ba shi amsa, ido a lumshe. Ya ce, "Citta busasshiya. Masoron lambuna. Kanumfari, girfa. Sukari iri biyu, ɗaya an ƙona shi." Ya sake motsa baki. "Can ƙarƙashin duk wannan kuma akwai wani bawan Allah yana neman ceto, kuma kamar na san shi."

Daidai nan yarinyar ta fito daga ɗakin girki da gwangwanin a hannu, a buɗe. Ta juya shi ƙasa, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba. Idonta ya ciko. Tsohon ya karɓa ya leƙa ciki, ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye a kan cinyarsa. A hankali ya ce, "Wa ya dafa?"

Nan ne wurin da har yau ya fi yi min ciwo. Ni mai furfura, ni da aka turo in tsaya wa yaro, sai na tsaya ina kallon yatsun ƙafata. Sai kawai na ji murya a gefena.

"Ni ne, Kaka. Ni na dafa. Baffana miƙowa kawai ya yi. A yi min afuwa."

Yaron nan ya san abin da ya faɗa. Ya san tsohon dalili ɗaya yake nema, kuma ga shi ya miƙa masa da hannunsa. Ni kuma, Allah ya yafe min, na yi numfashi biyu ko uku ban ƙaryata shi ba.

Tsohon ya ce, "Kawo hannunka." Ya kama tafin yaron ya kai hanci, ya juya bayan hannun ya sake sansanawa. Ya ce, "Sabulu da turare. Hannun baffanka kuwa ba sai na kama ba, tun daga nan nake jin kanumfari da hayaƙi."

Sai a lokacin bakina ya buɗe. Na ce, "Baba, ni ne. Yaron nan ko murhun bai gani ba. A wurinmu abin kunya ne babba ya dafa, ƙarami ya sha, shi ya sa na yi karambani. Ban san darajar abin da na taɓa ba, kuma ban tambaya ba. Laifina ne, don Allah kada ya shafe shi."

Ɗan wana yake kallo, wannan karon ba ta gefen ido ba. Ya ce, "Ka yi min ƙarya a gidana, kada ka sake." Yaron ya ce to. Tsohon ya ci gaba, "Na yi niyyar in yi maka tambayoyi da yawa yau: aikinka, gidanku, inda za ka ajiye ta. Duk amsoshin da za ka ba ni ka shirya su tun daga London. Wannan kuwa ba ka shirya ba. Ka zaɓi ka rasa abin da kake so a kan babbanka ya ji kunya a gaban baƙi. Jikata ma wata rana za ta yi kuskure, don na san ta, kuma ina so a ce tana kusa da wanda zai rufa mata asiri." Ya juyo gare ni. "Na ba ku. Sharaɗi ɗaya: kai, kada ka kusanci ɗakin girkinta."

Uban yarinyar ne ya fara fashewa da dariya, sai ita, tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Tsohon ma sai da gemunsa ya motsa. Ni dai ina durƙushe, buta a hannu, na rasa inda zan sa kaina. Aka yi addu'a, aka shafa. Na ce zan nemo masa irin ganyen ko nawa ne, ya ce ba a sayar da shi, sai dai in dawo baɗi in taya shi tsinka, in ga yadda ake shan wuya. Butar nan kuwa ni da ɗan wana muka shanye ta, don babu wanda ya ƙara miƙo kofi.

An ɗaura aure a London bayan 'yan watanni, yanzu 'ya'yansu biyu. Abin da na koya a kan tsaunin nan shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ba: in za ka girmama mutum, fara tambayar yadda ake girmamawa a gidansa, kada ka ɗauka naka salon ne kaɗai ladabi. Na kuma daina auna girma da furfura. Ni aka tura in tsaya wa yaro a gaban surukai, amma da ranar ta zo, ni na yi shiru, shi ya tsaya min.