Huɗun Kawu Haruna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Haruna, yayan mahaifiyata, amma har yau a unguwarmu ta Arlit sunana Mai Almakashi. Ina ɗan shekara tara na hango wata siririyar waya ta leƙo daga ƙasa a gefen lambuna, na ce Allah ya kawo wa motar gwangwanina sitiyari. Na datse ta da almakashi. Kafin in miƙe, ƙugin famfon da ke shayar da lambunan ya ɗauke cak. Na yi gudun da ko barewa ta gani sai ta nemi in koya mata.

Kawu mai aikin kuran ne, wato wutar lantarki, a kamfanin haƙar yuraniyom, aka sallame shi da kasuwa ta faɗi. Ga fari, ga tawaye ya tare hanyar Agadas, mota ba ta shigowa sai da rakiyar soja. Masu lambu, da shugabansu Baba Ghali, wani dattijo Ba'abzine, famfo ɗaya gare su tal. In ya ƙone babu wani, kuma abincin gidajensu ya tafi. Don haka Kawu ya samo tsohon akwatin sarrafa injuna, wanda ma'aikata ke kira otomat, ya ɗaura na'urar auna ruwa a gindin tanki, ya ja waya daga gare ta zuwa bakin akwatin. Ruwa ya yi ƙasa, akwati ya tada famfo. Ya cika, ya kashe shi. Wayar nan na yanke.

Baba Ghali ya kamo ni, shi ya sa kunnena na hagu ya fi ɗan'uwansa tsawo. Muka tarar da Kawu gaban akwati yana kallon wata jar fitila, ya riga ya faɗa wa mutane waya ce ta tsinke. Bai dake ni ba. Ya zaunar da ni ya ce na'urar da ɗan mitsitsin kuran take magana, daga miliyampa huɗu zuwa ashirin. Tanki cike, ashirin. Tanki wayam, huɗu, ba sifili ba.

"Ɗan ƙanwata, ko ba ɗigo a tanki, tana cewa ina nan. In akwati ya ji shiru gaba ɗaya, ya san ba ruwa ne ya ƙare ba, mai maganar aka yanke wa harshe."

Da sifili aka ba ma'anar wayam, in ji shi, da akwatin ya ɗauka tanki ya bushe, ya yi ta tuƙa famfo har rijiya ta ƙafe, famfo ya ƙone. Baba Ghali ya saki kunnena ya kama haɓa, ya ce Haruna ya faɗi gaskiya, aljani ya rufe a ciki. Kawu ya ce wane irin aljani ne almakashin yaro ke kayarwa.

Ni ya sa na tone ramin, na riƙe bakunan wayar ya haɗa, ya naɗe, ya ce in ja in ji ko sun kama. Jar fitila ta mutu, famfo ya yi gyaran murya ya tashi. An ce shiru ma magana ce, amma ban taɓa zaton za a koya wa ƙarfe jin ta ba.

Yanzu faranti mai hasken rana ya cika lambuna, samari sun watse neman zinariya. Da Kawu zai leƙo, na san ba zai tambayi kuɗin kayan ba; zai zagaya bayansu ya ce, in wayarsa ta tsinke, me zai yi? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle mu da ba mu da rimin.

Kawu bai bar gida ko mota ba. Amma ranar da wana ya kama hanyar Tchibarakaten, mahaƙar zinariya, Inna ba ta ce ya aiko komai ba, cewa ta yi ya riƙa aiko huɗunsa duk Juma'a, ko da wayarta ce ta yi ƙara sau ɗaya ya kashe.

Tari ne ya ɗauke Kawu kafin hanyar Agadas ta buɗe, Allah ya jiƙansa. Famfon bai taɓa ƙonewa ba. Bara aka cire shi da ransa, wani mai lambu daga Tchirozérine ya saya.